Muryar Mama a Layin da Ya Mutu

Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ke da kike aiki a kamfanin wayar nan, me kuka yi wa layin Mama? Kin san tun rasuwarta Baba ke kiran lambarta bayan ya karya, don ya ji inda take cewa, "Ba na kusa, a bar saƙo." Yanzu sai ya yi ta riƙe waya a kunne, kiran ya katse, murya ba ta zo ba. Jiya cewa ya yi, "Ko fushi take da ni?" Na yi dariya, amma raina ya ɓaci. Ki duba, don Allah.

Yayanki.

Yaya,

Ina gaishe ka, a gaida Baba. Wallahi na sani, a gabana abin yake. Rumbun kwamfutar da muke ajiye saƙonnin murya ya yi girman da ya fi ƙarfinmu. Akwai manuni da ke nuna wa na'ura inda saƙon kowace lamba yake. Yawan sakawa da gogewa ya wargaza shi, sai ta yi ta lalube kamar mai neman takarda a ɗakin da aka birkice, har kira ya katse. Sai an sake gina manunin, ginin kuma yana son wuri, faifan ajiyar kwamfutarmu kuma ya cika maƙil. Oga ya yanke hukunci: ranar Asabar za a goge duk layukan da suka daɗe ba a amfani da su. Na ga lambar Mama a ciki da idona. Na roƙe shi a tsame ta, ya ce da kowa zai tsame nasa, da ba a gyara ba. Muryar kuma a kulle take, ba ni da izinin kwafa. Ka yi ta kira, in muryar ta zo ka naɗa da wayarka. Na rasa yadda zan yi.

Ƙanwarka.

Auta,

Sannu da ƙoƙari. Na kira har kunnena ya yi zafi. Sau ɗaya ta zo, ina lalubar maɓallin naɗa, na samu kalmar ƙarshe, "saƙo", kawai. Ban gaya wa Baba komai ba. Ba za a ɗaga ranar gogewar ba?

Yayanki.

Yaya,

An goge. Ni aka sa na danna maɓallin. Ana ta yi mana barka a ofis, wai kira ya daina katsewa.

Ƙanwarka.

Auta,

Baba ya kira yau da safe. Ko ƙara ɗaya kiran bai yi ba aka amsa, wata mace ta ce babu wannan lambar. Ya ajiye wayar ya ce in gaya miki layinku ya yi sauri.

Allah ya ba mu haƙuri.

Yayanki.