Saran Shuka a Aji Huɗu

Litinin, 15 ga Satumba, 2025
An koma makaranta. Na raka jikata Mahfuza da sandata, sau biyu ina zama a hanya. Tun da aka kashe ubanta a gonarsa ta Ruma cikin hutun nan, ba ta ce mini komai sai "to". Mu biyu a gida, kamar ba kowa.

Laraba, 17 ga Satumba
Ɗakina jikin katangar makarantar yake. Ana gama kowane darasi sai tafi da buga ƙafa daga aji huɗu. A zamaninmu wanda ya motsa benci sai ya sha bulala. Wai boko ke nan.

Alhamis, 18 ga Satumba
Na leƙa ta taga. Malamarsu, Nusaiba, ta tashe su bibbiyu suna kwaikwayon shuka, ɗaya na sara, ɗaya na zuba iri. Ba sungumi, ba gero, iska kawai. Kuma ta haɗa Mahfuza da wata 'yar Fulani, Zahra'u. Bayan abin da aka yi wa ubanta!

Na kira malamar waje. Ta durƙusa ta gaishe ni, wannan ma ya ƙara mini haushi. Wai tun dawowa hutu 'ya'yan manoma sun ware gefe, 'ya'yan Fulani gefe, ko alli ba sa miƙa wa juna. "Baba, ita ma Zahra'u an kashe mata yaya, an kore musu shanu." Na ce ban tambaye ta ba. Litinin zan cire jikata.

Juma'a, 19 ga Satumba
Ciwon gwiwa ya tashi. Ban je masallaci ba. Ba wanda ya leƙo.

Litinin, 22 ga Satumba
Na je da takardar cire Mahfuza da zan kai wa hedimasta a aljihu, na tarar da su tsakiyar shirmen. Duk ajin a sunkuye, suna rufe rami da hannu kamar masu dashen albasa. Malamar 'yar birni ce, haka ta nuna musu, yaran kuma sun bi ta don kunya. Ban san lokacin da na shiga ba. Na ce da diddige ake rufewa, a tsaye, ana tafiya. Na ɗaga ƙafa in gwada, gwiwa ta ƙi.

"Kaka, zauna. Bari in nuna mata."

Mahfuza ce. Ta riƙo hannun 'yar Fulanin suka bi layi har bakin allo. Takun ubanta sak. Ni na koya masa.

Alhamis, 25 ga Satumba
Har yanzu ban yarda wannan karatu ne ba. Takardar na aljihu, hedimasta bai cika zama ofis ba. Da muna cin tuwo Mahfuza ta ce gobe Zahra'u za ta koya musu tatsar saniya, ta yi ta surutu har miya ta huce.

Na mayar da tabarmata gindin katangar. Don inuwa ne.