Sunanki Ne Ke Riƙe da Iskar

Zuwa ga Tenri, sanyin idona, ruwan daɗina a tsakiyar tekun gishiri, wadda na fi so fiye da numfashin nan da nake ja da ƙyar ta tsakanin haƙarƙari masu ciwo. Sallama gare ki, ya ke 'yar Hajiya Sitti, ke da dariyarki ke mantar da ni cewa inji yana gudu. Ki yi haƙuri da karkacewar rubutun nan. Hannuna na dama ya kumbura suntum, kuma ba sai na gaya miki a kan muƙamuƙin wa ya kumbura ba.

Zoben da na ba ki ya iso. Gwaggonki mai soya ayaba a bakin tashar jiragen ruwa ce ta miƙo mini shi a ƙunshe cikin ganye, ko kallona ba ta yi ba. Haba Tenri! Zobena a cikin ganyen ayaba, kamar ragowar abinci? Wallahi da na buɗe, ji na yi kamar in ɗaga tasharmu ta Labuan Bajo gaba ɗayanta, da jiragenta da 'yan tsegumin da ke wuni a kan buhunan gishiri, in kife ta cikin ruwa. An ce miki ni na kankare sunanki daga jikin kwalekwalena, wai saboda wata baƙuwa cikin masu nutson da nake kaiwa babban jirgi. Ni? Ni Sakka? Wanda ya fara furta maganar nan, Allah ya haɗa ni da shi a inda babu mai rabo.

Ko kin manta ranar da na ƙetara da ke tsibirinku, kwalekwalen robar nan da ake hura wa iska yana sabo fil? Hadari ya rutsa da mu a tsakiyar mashigi, ruwa yana dukanmu ta sama yana dukanmu ta ƙasa, ni ina kokawa da inji, ke kina kwarfar ruwa da murfin tukunyar shinkafarki. Da wata mace ce, da ta yi ta salati tana kuka. Ke kuwa, gashi ya manne miki a fuska, kika dube ni kina dariya kika ce, "Kai Sakka, in wannan abu marar suna ya nutse da mu, me za a ce ya ci mu?" A nan na ce miki sunanki zai ɗauka, kika ci gaba da kwarfa. Ni da ke mun san abin da hakan ke nufi a tasharmu. Namiji ya sa sunan mace a jirginsa, ya gama magana. In ya cire kuwa, ya zubar da mutuncin gidansu a kasuwa.

Kin san wahalar da na sha kafin in sami haruffan nan? Mai fenti ya ce in kawo ya rubuta, na ce masa ai wannan ba katako ba ne, roba ce mai numfashi, rana ta buga ta kumbura, yamma ta yi ta saki, fenti sai ya tsattsage kamar busasshen taɓo. Mai sitikar babura ya rantse mini da kabarin ubansa cewa tasa ba ta fita, na manna ɗaya don gwaji, kafin la'asar ta nannaɗe. Na koma na jefa masa ita a fuska. Daga ƙarshe na yi odar haruffan ta waya tun daga birnin Surabaya, farare tas, waɗanda aka yi musamman don roba. Duk jirgin kaya da ya shigo ina bakin tasha kamar mai jiran amarya. Ranar da na manna su kin zo, kin bi kowane harafi da yatsanki, ni kuwa na ji yatsan nan a ƙirjina.

Sai kuma fitarmu ta farko da baƙi. Teku ta riƙa ɓare sunanki harafi bayan harafi, ina ji ina gani. Na miƙa hannu in kama na ƙarshe har na kusa kifar da mutane. Muka dawo babu komai sai inuwar haruffan.

Ko igiya ban gama ɗaurewa ba yayanki Rala ya diro. Bai tambaye ni ba, bai bari na buɗe baki ba. Ya zaro wuƙarsa ya ce, "Tunda ƙanwata ba ta isa zama a jikinsa ba, kai ma ba za ka zauna a cikinsa ba." Ya soka, ya ja, ya sake sokawa. Tenri, kin taɓa jin ƙarar iska tana fita daga abin da mutum yake ci da shi? Idona ya rufe. Na ɗauki filafili na sauke masa a kafaɗa har ya karye, ya shaƙo wuyana, muka faɗa ruwa tsakanin igiyoyi da man inji. Ya danna kaina ƙasa har na fara ganin duhu, na cije masa kunne, ya zuba mini gwiwa a haƙarƙari, na kai masa naushi a baki. Da ƙugiya masunta suka fito da mu, kamar kifaye biyu da ba mai saye. An ɗinke mini goshi. Haƙorinsa ɗaya yana can ƙasan tasha, ƙaguwa na wasa da shi. Ban yi nadama ba, kuma ban riƙe shi a rai ba. Da ƙanwata ce, da abin da zan yi ya fi haka.

Na ja gawar kwalekwalen zuwa wurin tsoho Nompo mai faci. Ya goga babban yatsa a inda sunanki ya zauna, ya shinshina, ya tambaye ni wa ke soya kifi a kan jirgina. Man kwakwa ne, Tenri! Da na je gida na tambaya, sai Inna ta ce i mana, ita ce. Tun ranar da na sayo shi, kowace safiya sai ta sauka ta shafe masa gaba da mai tana addu'a, kamar yadda ta yi wa jirgin katakon babana har ya rasu. Ranar da ta ji zan sa sunanki, sai ta ƙara man, wai don auren ya yi albarka. Gam kuwa ba ya kama mai. Ni ina cike da fushi, ita tana murmushi tana tambaya ko na ci abinci. Me zan ce wa uwata? Na fita bayan gida na yi ta dukan bishiyar kwakwa har hannun ya ƙara kumbura.

Yanzu ki saurara da kyau, ya ke wutar da ke cin raina. Na daina neman sitika. Na sami jar roba irin ta jikin kwalekwalen, na yanka haruffan da almakashi da hannuna mai ciwo, manya-manya. Ni da Nompo muka wanke man, muka goge wurin da samfefa, muka haɗa gam ɗin nan mai kwalba biyu wanda ke narkar da roba cikin roba. Kuma ba a gefe na sa su ba. A kan raunukan da wuƙar Rala ta yi na ɗora su, kowane harafi yana rufe da tsaga. Na gwada wani guntu da filaya, na ja da dukan ƙarfina, ya fito da fatar jirgin a jikinsa. Na hura iska har ya yi tauri kamar ganga, ya wuni a rana, bai saki ba. Sunanki ne ke riƙe da iskar yanzu.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan taso zuwa tsibirinku, ta mashigin nan namu, ko da hadari ko babu. Zobenki yana ɗaure a wuyana. Ba zan fito gaɓa ba, zan tsaya a zurfi daura da gidanku inda kowa zai iya karantawa. Ki fito ki gani, na roƙe ki don Allah. In har yanzu kin yarda da maganar mutane, kada ki aiko Rala. Ki karɓi wuƙarsa, ki sa a kawo ki, ki ɓare sunanki da hannunki, ba zan hana ki ba. Amma ki sani ina ciki, kuma ba zan yi iyo ba.

Naki a kan ruwa, naki a ƙarƙashinsa,
Sakka