Numfashin Baba Kalli

Litinin, 11 ga Janairu, 2021
Yau Zakir ya cire ni daga shirin gaishe-gaishe. A taron safe, gaban kowa. Yaron da aka ɗora mana shugaban gidan rediyo watan jiya, don yana da digirin aikin jarida. Wai cikin ladabi: "Anti Kaltum, zamani ya wuce karanta sunayen mutane. Makirfo yanzu na waɗanda suka karanci abin ne." Shirin kiran waya zai sa a gurbin nawa, shi zai gabatar. Ni kuma teburin karɓar talla.
Shekara goma sha huɗu ina gaida mutanen Nguru da kewaye. Na naɗe dardumata daga ɗakin watsa shiri na fito. Sai a hanya amsoshi suka riƙa zo mini. Kullum haka nake.

Laraba, 3 ga Maris, 2021
Na hana kunna tasharmu a gidan nan. Baban Mardiyya ya ce fushi da rediyo ai fushi da iska ne. Na ce to a bar ni da iskar.
Na sayi littattafan jarrabawar shiga jami'a. Mardiyya ce ke koya mini Turancin, 'yar da na haifa. Idan na faɗi ba wanda zai sani sai mu uku.

Asabar, 13 ga Nuwamba, 2021
Jami'a ta ɗauke ni. Sashen aikin jarida, a Gashua. Zan sami irin takardar Zakir, in dawo in zauna a kujerarsa. Na rubuta a nan don kada zuciyata ta yi sanyi.

Alhamis, 20 ga Janairu, 2022
'Yan ajinmu Mama suke ce mini. Ina zama a gaba, ina rubuta komai, har abin da malami ya faɗa da wasa. Rabin abin da ake faɗa ba na ganewa sai na sake karantawa a mota, tsakanin Gashua da Nguru. Anya ban ɗauko dala ba gammo ba? Da na tuna "Anti Kaltum" a bakinsa sai in buɗe littafi.

Talata, 20 ga Satumba, 2022
Malamai na yajin aiki, ruwa kuma ya cinye hanya. An ce wajen Dagona sai kwalekwale.
Na kama Baban Mardiyya a zaure da ƙaramar rediyo a kunne. Muryar Zakir. Ya ce labarin ruwa yake ji, yana da 'yan'uwa a fadama. Ban kai masa shayinsa ba.

Alhamis, 8 ga Yuni, 2023
Darasin tace murya a kwamfuta. Wannan kam nawa ne. Magana tana fitowa a allo kamar tudu da kwari, duk inda mutum ya ja numfashi sai ka ga fili. A nan ake yankewa. In ka yanka a numfashi, ko uwar mutum ba za ta gane an taɓa maganarsa ba. Malamarmu, Dakta Rahima, ta sa aka saurari nawa sau biyu. Ta ce hannuna yana da tsabta, sai dai in riƙa tuna cewa wuƙa ce.
Na sani. Shi ya sa nake wasa ta.

Lahadi, 4 ga Fabrairu, 2024
Na faɗi kwas ɗaya, na dokokin yaɗa labarai. Zan maimaita. Zakir ma ya je ya maimaita ladabi.

Litinin, 13 ga Oktoba, 2025
Shekarar ƙarshe. Kowa zai haɗa shirin rediyo na kammala karatu. Nawa: ra'ayin mutanen karkara kan gidan rediyonmu. Dakta Rahima ce za ta duba, ta amince. Ta tambaye ni ko ina da wata a ƙasa da tashar, na ce aiki kawai nake yi a can.
A ƙarshen Janairu masu gidan rediyon za su zauna kan sabunta kwantiragin Zakir. Shirin nan zai isa teburinsu kafin ranar. Ba ni zan zage shi ba. Masu sauraro ne za su yi, da bakinsu.

Asabar, 6 ga Disamba, 2025
Dagona. Na bi a-kori-kura da buhunan shinkafa, bayana har yanzu ciwo yake. Tsuntsaye 'yan ci-rani daga ƙasashen waje sun cika ruwa, kuka ko ta ina.
An kai ni wurin Baba Kalli, tsohon masunci, shi ne babba a majalisar masu jin rediyo a bakin ruwa. Yana ɗinkin koma. Ina yin sallama ya ɗago kai. "Ba ke ce mai gaishe-gaishe ba? 'Yata, ai mun ɗauka kin rasu. Har addu'a mun yi miki." Majalisa ta kwashe da dariya. Ni ma na yi.
Na kunna rikoda na tambaye shi shirin Zakir. Allah! Kamar na rubuta masa. Ya ce yaron ba ya gaida manya, yana katse mutum tsakiyar zance, yana cusa Turanci kamar mai barbaɗa gishiri a makance, sunan Dagona ma bai iya faɗa daidai ba.
Sai ya ja dogon numfashi. Wani a gefe ya raɗa mini in bar na'urar a kunne, wai haka dattawansu suke: sai sun gama sauke wa mutum laifinsa tas, sannan su faɗi hukunci.
Baba Kalli ya ce shekarar ruwa, mutanen saman kogi ne suka riƙa bugo waya cikin shirin yaron suna faɗin inda ruwa ya kawo, shi kuma yana maimaitawa da Hausa, ya sa wani ya faɗa da Badanci, yaren mutanen yankin. Da haka suka kwashe yara da awaki kafin ya iso. "Jikokina suna raye. In an cire shi, a zo a cire ni."
Ban tambaye shi nawa shirin ba. Shi ya ƙara da kansa, wai gaisuwata tana da daɗi, amma gaisuwa ba ta tare ruwa.

Talata, 9 ga Disamba, 2025
Na yanka a numfashin. Ya fita tsaf. Tsoho ya zazzage shi, ya yi shiru, kiɗa ya shigo. Duk wanda ya ji wannan ba zai sabunta wa Zakir ko kwana ɗaya ba. Ban ƙara kalma ba, ban sauya kalma ba. Ina ƙaryar take?
Matsala ɗaya: wani tsuntsu ya fara kuka daidai wurin, kukan ya guntule. Abu ne mai sauƙi, a ɗauko ƙarar ruwa daga wani wuri a shimfiɗa a kai.

Juma'a, 12 ga Disamba, 2025
Na sa wa Baban Mardiyya ya ji. Ya ce ya yi kyau. Can ya ce tsohon nan kamar bai gama magana ba. Na ce ya gama. Ya ce to.
Ba abin da na tsana kamar "to" ɗin nan nasa.

Laraba, 24 ga Disamba, 2025
Na leƙa ofis. Zakir ya tare ni a baranda, ya rame, an ce matarsa ta haihu. Wai ya ji na kusa gamawa, yana taya ni murna, Anti. Na ce na gode. Ko kaɗan bai tuna abin da ya faɗa ba. Ni na yi shekara biyar ina goyon maganar, shi ya yar da ita tun ranar.
Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Lallai sai na kai shirin nan.

Litinin, 19 ga Janairu, 2026
Na miƙa wa Dakta Rahima. Kwafi ɗaya kuma na kai wa masu gidan rediyo, kamar yadda na yi wa kaina alkawari.
Da maganar Baba Kalli gaba ɗayanta. Har da gaisuwar da ba ta tare ruwa.
Ba don Zakir ba ne. Tsuntsun nan ne, kukansa ya ƙi haɗuwa, kuma Dakta tana da kunne. Gaskiya na san yadda ake rufe shi. Na ma ɗauko ƙarar ruwan na ajiye a gefe.
Za su sabunta masa, na sani. Kujerar ta tafi ke nan.
Da safe Baban Mardiyya ya shigo da rediyonsa har tsakar gida, yana satar kallona. Na ci gaba da dama koko. Har yanzu yaron yana manna baki da makirfo, duk numfashinsa a kunnen mutane. Kuma "Dagona" ɗin ma bai gyara ba.
Gobe zan wuce ta ofis. Dole wani ya gaya masa.