Tsokokin Hajja da Fasfona

Yaya Muntari,

Assalamu alaikum. Ina fatan Inna da Sabah da duk mutanen Mai Wurno suna lafiya. Ni ma lafiya lau nake a Jidda, abinci bai yanke mini ba.

Na samu saƙonka cewa jami'armu za ta yi imtihan bayan Sallah, na farko tun da yaƙi ya watsa mu. Ban saki karatun likitanci ba. Tsohuwar da nake jinya, Hajja, ita ce littafina. Ina yi mata tausa ina bitar siffofin tsoka: ta damtse kamar mazari, ta ƙirji kamar mafici, ta cinya kamar gashin tsuntsu, ta baki kamar zobe.

Jiya na roƙi ɗanta fasfona. Ya ce, "Muhsina, hannunki kaɗai take yarda da shi. Wa za ki bar mata?" Ya mayar da shi aljihu. Ko bakin ƙofa ba na zuwa.

Duk da haka ka rubuta sunana, Allah Ya saka maka. Idan Inna ta tambaya, ka ce ina karatu. Ba ƙarya ka yi ba.

Ƙanwarka,
Muhsina