Ashirin da Biyar a Bangon Zaure

Zuwa ga ɗan'uwana Garba Bakatsine, a duk inda kake.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da kai cewa magadan mai gida sun sayar da gidanmu na Zongo. Bayan Sallah za a rushe shi a gina shaguna. Ni kuma 'yata za ta ɗauke ni zuwa unguwar Kwadaso, can gefen gari, inda ba wanda ya san sunanka. Jikata ce ta ce in rubuta a sa a waya, wai ko wani naka zai gani a Katsina.

Kana tuna zauren? A nan muka yi karatun babbar jarrabawa a 1969, muna ƙananan malaman makaranta, kofin koko ɗaya a tsakaninmu. Kai ne mai kan lissafi, ni sai haddar dole. Da muka zo kan lambobin nan masu ɗauke da i, wadda in an ninka ta da kanta take ba da ɗaya ƙasa da sifiri, na ce wannan aikin aljanu ne, na rufe littafi.

Sai ka ɗauki gawayi ka rubuta 3 + 4i a bango, ka rubuta 3 − 4i a gefenta. Ka ce, "Masta Issaka, ga Hasan ga Husaini, alamar tsakiya kawai ta raba su." Ka ninka su a gabana: i ta ɓace, tara da sha shida suka haɗu, ashirin da biyar ta fito, lamba sak wadda ko mai ƙosai ta sani. Ka ce in rabawa ta gagare ni, in nemo ɗan'uwan lambar da ke ƙasa, in ninka sama da ƙasa da shi. "Ba a raba gado sai an kira Husaini," in ji ka. Har Inna, mahaifiyarka, ta leƙo ta ce mu bar ɓata mata bango.

Inna ta shayar da mu biyu a gidan nan. Amma da dokar korar baƙi ta zo, aka ce ubana Badagombe ne, ni ɗan ƙasa. Kakanka kuwa fataucin goro ya kawo shi, don haka kai baƙo ne a ɗakin da aka yanke maka cibiya. Waɗanda suka yi wawar keken ɗinkin Inna a ƙofar gida ranar da aka fitar da kayanku, na gan su daga baya a sahun farko na masallaci.

Da safen da za ku hau lori kai da Inna, ka bar mini aiki a bango: a raba 25 da 3 + 4i. Ka ce ka ba ni wa'adi zuwa dawowarka.

Na zauna jarrabawar a 1970, kujerarka ba kowa. Na ci. Takardar shaidar tana cikin akwati, gara ta ci gefenta, kuma garar kaɗai ce ta taɓa ƙaruwa da ita. Na ƙare ƙarfina a gaban allo, yaran da na koyar suna wuce ni a mota suna ɗaga hannu.

Aikin naka kuwa tun a makon na yi shi. Amsar 3 − 4i ce. Husaini. Ban sani ba ko da gangan ka zaɓa, kai da shegen wayo. Ban rubuta a bango ba, na bar gurbin don ka zo ka duba da kanka. An yi wa zauren fenti sau da yawa, amma har gobe na san daidai wurin.

Garba, in kana da rai, ka aiko ko da kalma ɗaya kafin a kawo motar rusau. In ka zo ka tarar da shaguna, tambayi ladanin masallacin unguwa, zai nuna maka hanya. In kuwa ka riga ni, 'ya'yanka su faɗa mini, in daina zama a bakin ƙofa.

Allah ya jiƙan Inna. Allah ya haɗa fuskokinmu, nan ko can.

Naka wanda ya rage a gida,
Issaka.