Hannun Alheri Warin Citta Yake Yi

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙauna,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu, tare da begen kina hutawa a wurinsa. Ni ce Rifkatu, daga Kafanchan. Ke zan faɗa wa, don a gida ko tari na yi sai a ce na cika zargi.

Kin tuna da kika ba da gonarki ta citta aka gina firamare, don yara su daina ƙetare rafi da damina? 'Yan zumuntar mata suka ce kin zauce. Kika ce, "Ni dai jikata ta iya karanta Zabura, ya ishe ni."

To, Mama, na je gida sujadar godiyar girbi. Alheri, 'yar ƙanena Yakubu, tana aji biyar yanzu. Ta miƙe a coci ta zuba Zabura ta ashirin da uku tiryan-tiryan, kowa na tafi. Ni da ke kusa da ita na leƙa. Littafin Ayuba ta buɗe! Ashe hadda ce. Da aka tashi na rubuta mata sunanta a ƙasa, ta yi tsuru-tsuru tana kallona.

Na kama hannunta, duk yankan wuƙa ne, sai warin citta.

Washegari na bi ta makarantar. Kowane yaro da wuƙarsa. Azuzuwa biyu cike da buhunan citta, bencina a waje, filin ƙwallo kuwa an shanya citta. Hedimasta ya ce darasin noma ne a aikace. Kai jama'a! 'Ya'yan manoma za a koya wa tsaga citta? Nasa yaran suna makarantar kuɗi nan Kafanchan, kullum ina ganinsu da takalmi da safa.

Ban ga wanda ya sayar da cittar ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma motar da ke shiga makarantar ranar kasuwa ba littattafai take kawowa ba. Kuma har yau ban gane yadda Yakubu, shugaban ƙungiyar iyayen yaran makarantar, ya yi sabon babur a shekarar da bai yi noma ba. Da na tambaye shi, tashi ya yi ya bar mini tuwon. Na ce zan tafi da Alheri ta yi karatu a wurina, wai sai an gama shanya.

Mama, ina kewarki ƙwarai. Da kina nan, da tuni kin ci ɗamara kin tsaya a ƙofar ajin nan. Gonarki ba ta daina aikin citta ba, jikokinki ne dai 'yan ƙwadagon.

Ranar Asabar zan koma, kuma ba zan dawo ba sai da ita. In zargin banza nake yi wa ɗanki, Allah ya gafarta mini. Ubangiji ya ba ki hutawa, ya ba ni irin ƙarfin halinki, ya nuna mini ranar da Alheri za ta buɗe Zabura a inda Zabura take. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Rifkatu