Riga Ɗaya, Yara Biyu

Litinin

Zuwa ga matata Lurleen,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya jikin Mama? Allah Ya sa ƙafar tata ta fara taka ƙasa.

Na ga kiranki, ban ɗauka ba. Kin san ni, a waya bakina ya fi ni wayo, kafin in ankara na sayar miki da labarin da ba shi ne ba. Shi ya sa na ɗauki biro.

Kin ga wasanmu na ƙwallon Amurka ranar Asabar a talabijin, kin ji Koci Stokes, maigidanmu, yana cewa 'yan jarida laifinsa ne. Ba nasa ba ne, Lurleen, na mijinki ne.

Ranar da ya ɗauko ni daga filin sayar da tsofaffin motocin kawu ya ɗora ni kan nemo wa jami'a 'yan wasa, cewa ya yi, "Lonnie, in ka shiga falon mutane, maganarka maganata ce." Bara ya ƙara mini kula da 'yan bugun ƙafa, bai taɓa leƙa abin da nake shiryawa ba. To, da bazara na je Greenwood gidan su Kendrick, wani yaro da muke nema. Kakarsa, Mama Odessa, ta ce jikanta ba zai tafi ko'ina ba sai inda za a ba shi lamba biyar, lambar da marigayi ubansa ya sa a sakandare. Na ce an gama. Sati na zagayowa ina Tupelo, baban wani yaron, Orrin, ya ce shi ma ɗansa biyar ko a fasa. Na ce an gama.

Dabarata ita ce doka ta yarda mutum biyu su sa lamba ɗaya, muddin ba su shiga fili tare ba. Kendrick mai tsaro ne, Orrin mai kai hari, ina za su haɗu? Koci bai so ba, amma ya ce tunda na riga na faɗa, ta faɗu.

Ranar Asabar muna gaba da maki biyu, bugu ɗaya ya rage wa abokan karawarmu. Sai wayo ya motsa mini. Na dubi Orrin, dogo kamar falwaya, na tura shi ya tare ƙwallon. Ya kuwa tare ta! Ina tsalle ina rungumar mutane, ashe alƙalin wasa ya jefa ƙyallensa rawaya, alamar mun karya doka. Kendrick na cikin filin. Biyar biyu. Aka matso musu da ƙwallon, suka sake bugawa, ta shige, maki uku, suka cinye mu.

Ki gaida Mama. Kada ki karanta mata wannan.

Mijinki,
Lonnie

Laraba

Lurleen tawa,

Ina fatan kun tashi lafiya, ke da mai jiki. Ni dai ga ni nan, ina bin bango.

A ofis an sa mini suna Goma, wai biyar da biyar. Dub Rainey, mai horar da masu tsaro, ya tsayar da ni a layin abinci ya ce, "Goma, in zuba maka tarwaɗa ɗaya, ko ka riga ka yi wa wani alkawarinta?" Na yi dariya tare da su.

Dariyar ba ta daɗe ba. Daraktan wasanni ya shigo taronmu jiya ya ce Koci ya sakar mana linzami har mun zama koci-koci goma a gida ɗaya. Ya ce daga yau ko dai kowace shawara ta bi ta teburin Koci, ko a sallame ni. Dub, wanda ya shekara ashirin babu mai gyara masa aiki, ya ƙura mini ido. Na so ƙasa ta tsage.

Koci ya cire tabarau ya ce, "Yallaɓai, in sai na ɗanɗana kowace tukunya, me zan yi da masu girki? Ba zan tsaya a kan manyan mutane da bulala ba." Sannan ya juyo gare ni. Wallahi na so ya zage ni, da na samu sauƙi. Sai kawai ya ce wanda ya ƙulla shi zai kwance. Kafin Juma'a ɗaya daga cikin yaran ya maido riga da yardarsa, ba da tilas ba, in ba haka ba in kwashe kayana.

Baban Orrin ya kashe mini waya tun ban gama gaisuwa ba. Gobe zan tafi Greenwood. Ki sa ni a addu'a.

Naki,
Lonnie

Juma'a

Lurleen,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da kika ce Mama ta fara zuwa coci da sanda.

Na je. A mota na shirya ciniki mai kyau: in ba Kendrick lamba ashirin da uku, in ce biyu da uku ai biyar ne. Kin ga irin mijin da kike aure.

Mama Odessa na yankan kuɓewa na shiga. Na buɗe baki ke nan ta ɗaga wuƙa ta ce, "Ɗan nan, zauna. Wancan karon ma da wannan murmushin ka shigo." Sai na fasa cinikin. Na faɗa mata komai tsirara, har da Tupelo, har da aikina. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Aikinka naka ne. Lambar ɗana ba ta kasuwa ba ce." Duk da haka ta zuba mini miya da burodin masara, ta tsare ni sai da na cinye. Ban taɓa cin abinci mai nauyi irin wannan ba.

Na dawo yau da safe da niyyar tattara kayana. Ina shiga na tarar da rigar a ninke a kan kujerata. Kendrick ya kawo ta tun jiya, ina kan hanya. Na same shi a wurin ɗaga ƙarfe na ce ya ɗauki abarsa, kakarsa ta ƙi. Bai ko ajiye ƙarfen ba ya ce, "Koci Lonnie, in ka tafi, Koci Stokes ma za a sallame shi a bayanka, na ji ana faɗa. Ba don kai na yi ba." Na roƙe shi, ya juya mini baya.

Saboda haka ina nan a kan aikina. Koci bai rage mini komai ba. Ya miƙo mini makullin mota ya ce akwai wani yaro a Yazoo, in je in gan shi Litinin, ni kaɗai kamar kullum. Na karɓa.

Ga abin da nake roƙonki, kuma zan ɗauki hoton wasiƙar nan in turo miki a waya don ta iso yau. Gobe muna da wasa a gida, kuma Mama Odessa za ta zo. Kendrick bai gaya mata ba, ni ma na ɗaga waya na ajiye ya fi a ƙirga. Za ta nemi biyar a fili, ta ga ɗan wani a cikin rigar. Ki bar wa Mama maƙwabciya, ki taho da sassafe. Zan tare Mama Odessa a ƙofa in faɗa mata da bakina, amma ina so ki tsaya kusa da ni. In kika ga na fara murmushi, ki taka mini ƙafa.

Mijinki mai jiran ki,
Lonnie Purvis